Rahinatu da Kunun Gwaggo Yelwa

Rahinatu 'yar Lajawa ce, 'yar Malam Isyaku mai noman albasa. Tare muka taso, yarinyar da ko ido ba ta iya haɗawa da babba. Da ta shiga makarantar koyon aikin jinya, mutanen garinmu cewa suka yi, "Wannan? Ko kaza ba ta iya riƙewa a yanka."

Makonta na farko a asibiti a Wudil aka tura ta ɗakin maza. Sai ga Baba Maikano, mijin gwaggonta Yelwa, kwance, za a yi masa aikin gwaiwa da azahar. Sista, shugabar masu jinyar ɗakin, ta ja mata kunne: ko ruwa kada ya shiga bakinsa, don in an sa masa maganin barci da abinci a ciki, zai iya shaƙewa ya mutu.

To, kun san mu da dubiya. Wa zai je gaida mara lafiya hannu rabbana? Da hantsi sai ga Gwaggo Yelwa da mata cike da a-daidaita-sahu, da kwanon kunun tsamiya. Ta zauna bakin gado, ta cika ludayi.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, an hana," in ji Rahinatu.

"Wa ya hana? Ke? Bawan Allah tun jiya cikinsa wayam! Ke da na goya, yau don kin sa farar riga za ki koya min jinya?"

Ludayi ya doshi bakin tsoho. Wallahi sai Rahinatu ta fizge shi, ta sure kwanon ta rungume. Gwaggo ta ɗauke ta da mari a gaban kowa.

Ba ta saki kwanon ba. Hawaye na zuba ta ce, "Ƙara min, Gwaggo. Amma ba zai sha ba."

An yi aikin, Baba Maikano ya koma gonarsa. Ni abin da ke ƙona min rai, har yau labarin da ake bayarwa a Lajawa shi ne boko ya sa 'yar Isyaku ta ƙwace wa tsoho abinci. Gwaggo ta daina amsa gaisuwarta. Duk Juma'a Rahinatu na zuwa ƙofar ɗakinta ta durƙusa ta gaishe ta, ta tashi. Na ce ta ba da haƙuri mana a wuce wurin.

Ta ce, "Gaisuwa zan yi ta yi har in mutu. Amma in ce na yi laifi? Mijinta fa na da rai."