Injin Gudu a Bayan Makara

Jama'a, yau saura ƙiris a binne ni tare da mamaci!

Makon jiya Masta Issaka, bakanikena na Kotobabi, ya tambaye ni, "Injin gudu, ko na zuwa kasuwa?" Na ce, "Na gudu." Ya ɗora wa tsohuwar motata.

Yau a unguwar Maamobi ina bin masu ɗauke da makara, dattawa na cikin motar. Injin nan ya ƙi tafiya a hankali! In saki totur ya mutu, in taɓa ya zabura. Sai ga ni a dugadugan mutane! Makara ta karkata, salati ya tashi. Na murɗa sitiyari, taya ta faɗa kwata.

Kawu Sule, ɗaya daga cikin dattawan, ya ce, "Ɗana, mutum ɗaya muka zo kaiwa. Buɗe min ƙofa."