Gwaggo Hajara da Mazaunan Idon Ruwa

Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifina, kuma har yau ban gama jin kunyar abin da na yi mata ba.

A fadamarmu ta wajen Yashe akwai idon ruwa da ba ya ƙafewa ko da bazara. Gwaggo ba ta yarda a ɗiba sai ta duba mazaunansa. Takan kamfata da ƙwarya wuri uku. A bakin idon, inda ruwan ke da sanyi, akwai ƙananan ƙaguwa da ƙwari masu iyo. A tsakiya, cikin ciyawa, 'ya'yan mazari ne. Can ƙasa inda ruwa ya kwanta sai matsattsaku da dodon koɗi, nan kuwa ko wanka ta hana. Da mazaunan sama sun ragu, ta san ruwan ba lafiya.

Zamanin Turawa na sami aikin duba-gari, ina ta hura hanci cikin gajeren wando. An koya mana zuba baƙin mai a kwantaccen ruwa don kashe tsutsar sauro. Ni da rawar kaina na zuba har bakin idon. Washegari Gwaggo ta tare ni da ƙwarya cike da matattun ƙwari.

"Ɗan nan, wa ya aike ka?" ta ce. "Waɗanga su ka cin ɗiyan sauro. Ka kashe mana masu gadi."

Daminar nan sauro ya yi mana kaca-kaca.  Gwaggo ta dinga takawa har wata fadama a Mawashi, tana ɗauko ruwa da ciyawa da ƙwarinsu a tulu tana juyewa a namu, har suka hayayyafa.

Da tana raye, me za ta ce da samarin da yanzu ke wanke famfon feshin maganin ƙwari a bakin idon? Cikinsu har da jikana. Makon jiya na leƙa, da ƙyar na ga ƙaguwa.

Gwaggo ba ta bar gona ba, ba ta bar ɗa ba. Taurin kai ta bari, ni kuma na gada. Kullum da hantsi ina zaune a wurin da sandata. Jiya jikan nawa ya iso da famfonsa.

"Kaka, ai ɗauraya kawai zan yi."

Na ce ya fara ɗauraye ni tukuna. Ya juya da famfonsa bai ɗauraye ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo da rahama. Muddin ina numfashi, gidanmu ba zai kashe ruwan nan sau biyu ba.