Yaya Adamu da Baƙin Fadama

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Adamu makwancinsa, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Agwada. Ni a Gangaren Tudu nake zaune, nan cikin Keffi, amma duk kaka idan ruwa ya ɗauke, fadamar bayan gidanmu nake tunawa, da shi zaune a bakinta.

Da fari maharbi ne. Tsuntsayen ruwa irin su dinya da kirinjijiya ba su tsere wa bindigarsa. Wata safiya ya harbo wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu, sai ya ga zoben ƙarfe a ƙafarsa, da rubutun boko. Ya kawo mini makarantar da nake koyarwa. Na karanta, na ce daga ƙasar Turawa ya taso. Ya daɗe yana juya zoben a tafinsa.

"Wato duk wannan tafiya ya yi don ya sha ruwanmu," in ji shi, "ni kuma na tare shi da harsashi."

Tun ranar ya rataye bindiga. Baƙonka annabinka, haka yake faɗa wa masu yi masa dariya. Ya koma zaman bakin ruwa, har ya san wane ne ɗan gida kamar zalɓe, wane ne mai wucewa. Ɗaliban jami'a sukan zo da madubin hangen nesa, su buɗe littafi, shi kuwa da kuka kaɗai yake gane tsuntsu. Masunta da mata masu wanki suka saba da yin magana ƙasa-ƙasa idan garken tsuntsayen ya sauka.

Me zai ce da ya ga wurin yau? Tifofi sun kwashe yashi, an cike gefen gabas an jera gidajen bulo, maganin ciyawa ya kashe kwaɗi da ƙananan kifi. Na so in ɗora laifin a kan masu zuwa daga Abuja neman fili. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni na fara sayar da nawa kason, shekara biyu bayan rasuwarsa. Sauran dangi suka biyo sahuna.

Bai bar littafi ba, bai bar hoto ba. Abin da ya rage shi ne har yau babu mai ɗana tarko a ɗan ruwan da ya saura, ko da yake ba wanda ya kafa doka.

Makon jiya na je gaida matarsa, Yaya Hajara, wadda idonta ya mutu. Ta ce, "Malam, sun sauka bana?"

Na ce guda shida na gani.

Ta ce, "To, sauran Allah ya kai su inda ake son su."