Mai Gadin Nonon Inna

Ran nan a aji wata ɗaliba ta tambaye ni mene ne ainihin kirim. Na buɗe ƙamus don in burge ta, sai ƙamus ya kunyata ni. Akwai kirim na shafawa, akwai na sha mai sanyi da ake turawa a keke, akwai wanda tela ke nufi in ya ce shaddarka kalar kirim ce, har wani shugaban makaranta da na yi aiki a ƙarƙashinsa nan Gwarzo yakan kira 'yan ajin haziƙai kirim ɗin makaranta, sauran kuwa bai taɓa faɗin sunansu ba, amma ni na san tsala yake nufi. Na ce wa yarinyar duk waɗannan jikoki ne. Kakansu shi ne man nan da ke tasowa saman nono in ya kwana. Shi kam na san shi tun kafin in san Turanci, kuma na san shi da ɗan yatsa.

A ƙauyen Durun na tashi, hannun kakata Inna Yalwa. Tana da shanu biyu da ra'ayi a kan kowane abu. Kullum da safe takan buɗe ƙwaryar nonon da ya kwana, ta yaɗe saman da ludayi, ta zuba a wata 'yar ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ɗora a ragayar da ke rataye a ɗakinta. In ya taru kwana huɗu ko biyar sai ta juye a gora ta yi ta kaɗawa har man shanu ya yi curi. Ranar da aka soya shi da albasa, ko miyar kuka ta san ta samu daraja.

Da yamma kuwa, in an ci tuwo an yi sallah, ba ta barin wutar murhu ta mutu. Takan jawo tabarma, mu zagaye ta: ni, da ƙanwata Hadiza, da Rahila 'yar Madam Saratu, malamar firamare da ta zo daga Filato take haya a maƙwabtanmu. Rahila ta fi mu duka haddace tatsuniyoyin Inna, har takan yi mata gyara. Kawu Habu, autan Inna, mai mata da gemu, yakan zauna can gefe yana gyaran rediyo, wai shi ya wuce tatsuniya. Shekara nawa ana gyaran rediyon nan, ban taɓa jin ya yi magana ba. Sai Baturiya, magenmu, wadda launinta shi ne daidai abin da teloli ke kira kirim. A cinyata take kwana.

To, wani mako Inna ta kaɗa gora har kafaɗarta ta yi tsami, abin da ya fito bai kai ƙwan zabuwa ba. Mako na biyu ma haka. Kawu Habu ya ce ai shi ya ga Baturiya tana lasar hannu a ƙarƙashin ragaya, kuma mage in ta koyi sata ba ta tuba. Aka yanke hukunci ba tare da an ji ta bakin wadda ake tuhuma ba: gobe da sassafe zai sa ta a buhu, ya ɗaure a bayan keke, ya kai ta garin Dugabau ya sake ta can. Har buhun ya kawo ya rataye a bakin zaure.

Ni na san wanda ke kife turmi ya taka ya kai ga ragaya. Amma na yi wa kaina lissafi irin na malaman gobe: abin da nake ɗauka kan yatsa ne kawai, sau ɗaya a yini, kuma nakan shafe wurin ya koma sumul. Kan yatsa ba zai cinye curin mai ba. Saboda haka, in ji hankalina, lallai akwai hannun Baturiya a ciki. Da wannan hujja na zauna a bakin wuta a yammacin nan, tana kwance a cinyata tana gurnani.

Inna ta dube ni ta ce, "Maigida, yau ko cefane babu, ga fuska kamar an aiko ka da rasuwa?" Haka take tsokanata. Sai ta gyara zama ta ce ga tatsuniya nan tafe ba ko takalmi, muka ce ta shigo, ƙofa a buɗe take.

Ta ce a zamanin da, nono bai da sama bai da ƙasa, duk ɗaya yake. Akwai wata mata mai saniya guda, kullum ta tafi rijiya sai ta dawo ta tarar an rage mata ƙwarya. Ta tambayi mutanen gida, kowa ya rantse. Da ta gaji sai ta kai ƙara wurin nonon kansa, ta ce kai da ake sha, kai ka san mai shanka. Nono ya ce daga ƙasan ƙwarya ba ya ganin fuska, amma zai naɗa mai gadi. Ya tara jama'arsa, aka zaɓi masu ƙiba, aka ce su hau sama su zauna su zuba ido. Tun daga ranar mai ke tasowa saman nono. Ɓarawo ya zo ya ɗaga faifai, suka yi ido huɗu da mai gadi. Sai ya yi dabara, ya lashe mai gadin tukuna, wai ya kashe shaida. Abin da bai sani ba, mai ba ya nutsewa, ko a ƙwarya ko a ciki. Ya yi ta tasowa, yana tasowa, har ya zo leɓe ya zauna.

"Da rana ba a ganinsa," in ji Inna, ta rage murya. "Sabulu ba ya fitar da shi. Amma in aka zauna gaban wuta, sai ya yi ta ƙyalli yana nuna mai shi. Shi ne matar ta tara mutanen gida, ta ɗauko kara, ta tura a wuta. Kamar haka."

Ta tura karan dawa a murhu. Wuta ta tashi.

Ban san lokacin da bayan hannuna ya kai bakina ba. Da na ɗaga ido don in ga ko an gan ni, sai na ga Hadiza tana goge nata da gefen zane. Rahila ta tura leɓunanta duka biyu cikin baki ta danne. Can gefe kuma, Kawu Habu, mai gabatar da ƙara, ya saki rediyo yana murza gemu da tafin hannu kamar mai alwala.

Muka kalli juna. Baturiya kaɗai ce ta yi hamma, ta lashe bakinta a gaban kowa, da yake ita ba ta da abin ɓoyewa.

Inna ta yi dariya har da hawaye. Kawu ya fara bayanin cewa shi ɗanɗanawa yake yi don ya ji ko ya yi tsami. Ta ce masa Allah ya saka da alheri, likita. Rahila, da ba ta barin labari a rataye, ta tambaya to wane ne ɓarawon a tatsuniyar. Inna ta ce ta manta, tsufa. Sannan ta ƙara da cewa, "Ni dai tun da nake, ban taɓa ganin magen da ta ci abu ta mayar da faifai ba. Ƙurunƙus, kan kusun da Baturiya za ta kama mana gobe."

Buhun nan gyaɗa aka zuba a ciki. Hukuncinmu kuwa, mu huɗu har da mai gemu, shi ne kaɗa gora bi da bi na wata guda, inda na gane cewa man shanu daga kafaɗa yake fitowa.

Na daɗe ina ɗaukan darasin a kan kada a yi sata, wanda ko allon makaranta ya faɗa mini. Sai da na girma na ga ba satar ce ta dami Inna ba. Mu huɗu ne, kowa da kan yatsansa, kowa ya auna nasa ya ga bai kai laifi ba, kuma dukanmu mun yarda a sa marar baki a buhu don lissafin ya daidaita. Yanzu in sakamakon jarrabawa ya fito ba daɗi, muka zauna taron malamai, nakan ji an fara neman mage: yaran yanzu, iyayen yanzu, wayar hannu. Nakan gyaɗa kai tare da kowa. Sai in tuna minti goma-goman da nake yaɗewa daga saman darasin safe, in ji hannuna ya kama hanyar bakina. Nakan bar shi ya isa, sannan in saci kallon sauran.