Uwar Kaji da Zakaran Tsohon Tela

Kafin rana ta yi zafi Uwar Kaji ta riga ta zaga gida biyar. Kular rigakafi a hannu, tsohon tawul a kafaɗa, takalmin roba har gwiwa ko ana ruwa ko ba a yi. Takan gaisa da mutanen gida a tsaitsaye, ta zarce akurki, inda gaisuwar ta fi tsawo. Shekara ashirin da takwas ke nan tana wannan zagaye a ƙarƙashin ofishin kula da dabbobi, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ɗiga wa kaza magani a ido kowa zai iya koya. Abin da ya fitar da ita daban shi ne samarin zakaru. Da zarar zakara ya yi wata biyar ko shida, zankonsa ya yi ja, muryarsa ta fara fashewa, sai ya ɗauka gidan nasa ne, mu kuma haya muke. Mu kuwa magani biyu muka sani, shuri ko wuƙa. Ita ce ta yi ta fama da mu cewa wanda ya shuri zakara ya amsa gayyatar dambe, wanda ya gudu kuma ya naɗa shi sarki. Mun yi mata dariya shekaru, har ranar da muka ga abin da ya faru a gidan tsohon tela.

Matar telan ta rasu bara, ta bar kaza kwance a kan ƙwai tara. Shaho da cuta suka yi ta ɗauka har ya rage tsako ɗaya, ya girma ya zama jan zakara mai ji da kansa. Tela bai taɓa cewa yana son tsuntsun nan ba, amma shi ke watsa masa hatsi kafin ya zauna kan keken ɗinki. Wata safiya zakaran ya yi tsalle kan jikarsa 'yar shekara uku, ya caka mata baki dab da ido. Uwar yarinyar, surukar tela, ta ce ko zakara ko su a gidan, kuma babu mai ganin laifinta. Tsohon bai yi musu ba. Ya ɗauko wuƙa ya wasa, ya ajiye a kan taga, ya kasa.

A haka Uwar Kaji ta same su. Ta fara duba fuskar yarinyar tukuna, sannan ta dubi wuƙar, ta dubi tsohon, ta gane ba maganar nama ake yi ba. Ta roƙi surukar ta ba ta mako uku, ta kuma faɗa a gaban kowa:

"Baba, idon yarinyar nan ya fi zakara dubu. In bai saduda ba, ni da kaina zan riƙe maka ƙafafunsa."

Ranar ta sa aka ja ragar waya tsakanin akurki da inda yarinyar ke wasa. Ta jefa wa zakaran tawul, ta cafke shi, ta danna shi a hammata kamar jakar hannu, ta ci gaba da hira. Da ya gaji da mutsu-mutsu sai ta miƙa wa tela, ta ce daga yau aikinsa ne. Kullum safe ya ɗauke shi haka minti ashirin, ya zaga tsakar gida a gaban kajin maƙwabta da ke shigowa, ba duka, ba tsawa, kuma kada ya sauke shi sai ya yi laƙwas.

Tela ya ce shi, da furfurarsa, ya riƙa yawo da zakara kamar mai reno? Ta ce to ya ba ta wuƙar. Ya karɓi zakaran.

Maƙwabta sun sha kallo ta kan katanga. Mai wankin da ke kusa da su har tambaya yake ko jaririn ya kwana lafiya. Uwar Kaji kuwa kullum sai ta ratso gidan, ko da ba kan hanyarta yake ba, ta gyara wa tsohon riƙo, ta hana shi ja da baya idan zakaran ya sauke fiffike ya taso. A kwana na tara ya yage wa tela hannu, jini har kan riga. Ita kanta ta ce ranar gabanta ya faɗi, ta koma gida tana ganin ta ɗora wa tsoho wahala a banza. Washegari ta tarar da shi da ɗaurarren hannu, zakara a hammata, yana zagayensa. A mako na uku zakaran ya ga tela tafe, ya kauce ya ba shi hanya. Surukar da kanta ta ɗauke wuƙar ta mayar kicin, amma ragar na nan har yau, domin Uwar Kaji ta ce ba a barin ƙaramin yaro da zakara, komai ladabinsa.

Uwar Kaji, ke ce kika san cewa wani lokacin abin da ke cikin akurki ya wuce kaza. Ke ce mai tawul, mai sanyin hannu, wadda ƙwaurinta ya sha ƙaimin zakaru fiye da na kowa a unguwar nan, kuma ba ki taɓa ramawa ba. Ba ki taɓa fifita tsuntsu a kan mutum ba, ba ki kuma yarda a yanka saboda haushi kawai ba. Muna alfahari da ke, kuma ba ma jin kunyar faɗa.

Shekaranjiya tela ya kai wa Uwar Kaji sabon tawul da ya ɗinke bakinsa da jan zare. Ya miƙa mata, ya ce:

"Uwar Kaji, in ya yi cara da safe, sai in ji kamar marigayiya tana tsakar gida tana kiran kajinta. Ke kika bar mini wannan."

Mun gode, Uwar Kaji, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma masu shigowa aikin, ku koyi riƙon zakara a wurinta kafin watan ya ƙare, ku koyi duba fuskar mai gida kafin ku duba akurkinsa. A gidan tela kaza ta sake kwanciya, kuma jikarsa ce ke ƙirga kwanakin ta bayan raga.