Akawal ɗin Baba

Tun da idanun Baba suka fara dushewa, hirarsa ta koma ta doki ɗaya. Ina koyarwa a firamare a Kafanchan a lokacin, wajen ƙarshen shekarun tamanin, duk Asabar kuma sai na shiga mota zuwa ƙauyenmu a gindin duwatsun Kagoro. Ina zama zai fara: akawal ɗin mahaifinsa, yadda yake hawan dutse ba sirdi, yadda ya taɓa tsallake rafi da mutum biyu.

Na gaji da ji, na kuma ji tausayinsa. Da na tambayi wani dillalin dabbobi a Mararaban Rido, ya ce akawal ai baƙin doki ne, zai samo mini. Ya kuwa samo. Dogo ne, mai siririyar ƙafa da lanƙwasasshen hanci, daga can wajen Borno. Muka sha wuya kafin muka sauke shi daga bayan mota.

Aka riƙo hannun Baba zuwa turke. Ya miƙa hannu daidai ƙirjinsa yana neman gadon baya, sai ya taɓa haƙarƙari. Ya ɗaga hannun sama, ya ƙara ɗagawa.

"Wannan na wane ne?"

"Naka ne, Baba. Akawal ne, baƙi wuluk."

Ya daɗe yana shafa wuyansa. "Baƙi kam na yarda. Amma namu kuru ne, ɗana. Gajere, mai kauri, irin na kan dutse. Akawal launi ne kawai." Sai ya ƙara da cewa, "Ka yi ƙoƙari. Allah ya yi maka albarka."

Ban san launi daban, iri daban ba. Shi ma bai taɓa cewa kuru ba, don a zamaninsa babu wani irin doki a wajenmu sai shi.

Na so in mayar, dillalin ya ƙi karɓa, dokin ya zauna. Mama ce ta ɗauki wahalarsa: yankan ciyawa, jiƙa dusa, ɗebo ruwa, ita da ke fama da ciwon baya. Ba wanda ya hau shi. Ranar Lahadi bayan sujada mutane kan biyo su kalle shi su tafi.

Da damina ta sauka ƙudan tsando ya cije shi. Ya rame, ƙafafu suka kumbura, ido na hawaye. Likitan dabbobi ya ce sammore ne, cutar da tsando ke kawowa, dokin arewa ba ya jure ƙasarmu. Na riƙa kawo allura daga Kafanchan, ya ɗan farfaɗo, ya koma. Baba kan sa a kai masa kujera kusa da turken, ya wuni yana kore masa ƙuda da reshen ganye, yana masa magana da yarenmu.

Kafin a girbe dawa dokin ya mutu. Ni da maƙwabta muka wuni muna haƙa rami a bayan gona, ƙasar duk tsakuwa.

Na ce wa Baba zan hau Filato in nemo kuru na gaske.

Mama ta riga shi amsawa. "Ka bar ni in huta," ta ce.

Na wanke hannuna, na kama hanyar tasha. A mota barci ya kwashe ni, sai kwandasta ne ya tashe ni bayan kowa ya sauka.