Mai Kunne da Jikarsa Donme

Babanmu bakanike ne, kuma a unguwarmu Mai Kunne ake ce masa. Direba zai shigo gareji da mota, kafin ya buɗe baki ya faɗi abin da ke damun ta, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce ya bar injin yana aiki. Sai ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan ƙofa, can ya ce, "Fulogi na uku ne." A buɗe, a tarar shi ɗin ne.

Yana ɗan shekara goma sha biyu aka kai shi koyon aiki. Wata bakwai ya yi ba ya komai sai wanke kayan inji a cikin kananzir. Daga baya ya samu aiki a garejin wani kamfanin motocin bas, ya shekara talatin da huɗu a can, har sai da ciwon gwiwa ya hana shi shiga ƙarƙashin mota. Ya dawo gida da akwatin kayan aikinsa na ƙarfe da tsohuwar motarsa shuɗiya, wadda ke kwana a ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gida.

Mu shida ya haifa, ba ko ɗaya da ya taɓa miƙa masa tsumma. In ya buɗe bonet muka matso, magana ɗaya ce: "Ku matsa." Yayanmu babba har yau in tayarsa ta yi faci, sai dai ya tsaya bakin titi yana buga waya.

Ni ce ta huɗu. Ina aiki a wani kantin magani, ba na tashi sai yamma, don haka da 'yata ta shiga makaranta sai na riƙa ajiye ta wurin iyayena bayan an tashe su. Shekarunta shida a lokacin. Kawunnanta ne suka laƙaba mata Donme, saboda ba a faɗa mata abu ta ce to. Don me ruwa ba ya hawa sama? Don me kaza ba ta da haƙori? Mama ta ce tun da take ba ta taɓa ganin yarinya mai cinye wa mutum kai irin wannan ba.

Ranar farko da Donme ta tarar da Baba yana sauya taya, Mama ce ta ba ni labari. Ya ce mata ta matsa, ta ja baya taku ɗaya ta tsuguna. Ya sake cewa ta matsa, ta ƙara taku ɗaya. Da ya zo ɗaure notunan, ya ɗan ja na sama, ya tsallaka na ƙasa, ya dawo gefe.

"Kaka, don me kake tsallakewa? Ka bar wannan a baya."

"Haka ake yi."

"Wa ya ce?"

"Haka na ga ana yi."

"Shi wanda ka gani, don me yake yi?"

Mama ta ce Baba ya tsaya da sifana a hannu. Bai yi tsawa ba. Ya gama aikinsa, ya wanke hannu, ya zauna a kujerarsa yana ta kallon tayar. Da aka kawo masa shayi har ya huce bai taɓa ba.

Washegari yana jiran ta a bakin ƙofa da wani tsohon gwangwanin fenti. Ya ɗora murfin, ya ce ta danna gefe ɗaya da ƙarfinta. Ta danna, ɗaya gefen ya ɗaga. Ya ce ta danna wancan, wannan ya tashi. Sai ya nuna mata ta riƙa dannawa kaɗan-kaɗan, nan da can, nan da can, har murfin ya zauna daram.

"Ita ma taya haka take," ya ce. "In kika matse gefe ɗaya, sai ta zauna a karkace."

Da na zo ɗaukar ta da yamma, ya ja ni gefe kamar mai sirri. "Kin san fiye da shekara arba'in ina ɗaure taya, hannuna ya san dalili amma bakina bai sani ba? Sai da wannan 'yar fitinar ta tsare ni."

Daga ranar ta zama ma'aikaciya. Ya yanke hannun wata tsohuwar rigarsa ta aiki, Mama ta rage mata tsawo tana mita, duk da haka tana kai mata har gwiwa. Ya kafa mata dokoki. In inji yana aiki, hannuwa a baya. Ba a taɓa komai sai an fara kai bayan hannu kusa an ji ko da zafi. Ƙarƙashin mota kuwa ko leƙe ba ta yi. Ya samo kwalin ƙwai, duk abin da ya kwance ta ajiye shi a rami ɗaya bi da bi, don in an zo mayarwa a faro daga na ƙarshe. Lambobin da malamarta ta yi ta fama da ita a kansu, a jikin sifana ta riƙe su, domin in ya ce ta miƙo goma sha uku ta kawo goma sha biyu, sai ya sa ta gwada da kanta ta ga ba ta shiga.

Ta koyi zaro sandar gwada baƙin mai, ta goge, ta mayar, ta sake zarowa ta duba. Ta koyi kwancewa ta hagu, ɗaurewa ta dama. Wata rana ta matse wani ƙaramin noti da iya ƙarfinta har haƙoransa suka cinye. Ina wurin, gabana ya faɗi, don na san Baban da na sani. Sai ya ɗauki notin ya ɗaga shi a hasken rana ya ce, "Zo ki ga abin da kika yi masa. Kin ga ya zama sumul? Ƙarfe ma yana da iyakar haƙuri." Ya ba ta shi ta ajiye a aljihu.

Shi yana kiran ta Oga, ita tana kiran sa Tsoho in ta ga dama. Mama ta ce su biyun sun haɗa kai za su ƙarar mata da sabulu.

Wajen wata biyar da farawa, motar ta ɗauki wata 'yar ƙara, ƙis-ƙis-ƙis, da zarar an tayar da ita. Baba ya saurara, ya ce bel ɗin fanka ne. Donme tana tsaye da hannuwa a baya ta ce, "Ba daga can take ba, Kaka. Daga nan take."

"Oga, ni ake ce wa Mai Kunne."

Ya sauya bel. Ƙara tana nan. Ya kwance wani abu ya mayar, kwana biyu yana fama, ita kuma kullum sai ta nuna masa ɓangaren batir. A rana ta uku ya yanko guntun tiyo na ban ruwa, ya tsayar da ita nesa da injin, ya ba ta baki ɗaya ta kara a kunne, shi kuma ya riƙa yawo da ɗaya bakin a cikin bonet.

"Nan?"

"A'a."

"Nan fa?"

"Ta ragu. Koma baya. Ƙasa kaɗan. Nan! Kamar ɓera yana cin ƙarfe!"

Ya kashe motar ya kai hannu. Ƙarfen da ke riƙe batir ne ya saki, yana bugun jikin mota. Juyi biyu na sifana, shi ke nan. Donme ta yi ta tsalle tana zagaya rumfa. Shi kuwa Baba ya karɓi tiyon ya sa a kunnensa na hagu, ya ce ta yi magana a ɗaya bakin. Ya mayar na dama. Ya sake mayarwa na hagu.

Da yamma ya ce da ni, "'Yar nan, kunnen hagu ya tafi. Na daɗe ina zargi, ina cewa ku ne kuke magana ƙasa-ƙasa."

Na kai shi asibiti a satin. A ɗakin jira ne na samu bakin yi masa tambayar da ta daɗe tana cina.

"Baba, mu don me ba ka koya mana ba?"

Ya dube ni ya yi dariya. "Ashe a wurinki ta gado." Sai ya murza babban yatsansa. "Ni ba a taɓa koya mini da baki ba. Ubangidana in ka yi daidai shiru, in ka kuskure ka ji sifana a gadon baya. Na ɗauka ita ce koyarwa, ba wata. Ban so in yi muku haka ba, ban kuma san yadda ake yi ba tare da haka ba. Sai na ce ku matsa."

Likita ya ba shi 'yar na'urar da ake maƙalawa a kunne. Kwana uku ya yi yana ƙorafi wai tana sa masa inji ya yi kuka kamar rediyo, sannan ya saba. Tambayar da Donme ta fara yi ita ce ko za a iya buɗe na'urar a ga cikinta. A nan kam ya ce a'a.

Yanzu shekarunta tara. In aka tambaye ta abin da za ta zama, wannan satin likitar dabbobi ce, wancan satin matuƙiyar jirgi, shi kuma Baba ya ce ba ruwansa, ba bakanike yake raino ba. Kwanan baya ita da Baba suna dawowa daga makaranta ta lura cewa in mota ta sha kwana, tayar waje tana yin tafiya mai nisa fiye da ta ciki, alhali inji ɗaya ke tura su. Baba ya zana mata a ƙasa da tsinke, ta ce ba ta gane ba. Ya gwada da murafan kwalba, ta ce har yanzu.

Shekaranjiya na zo na tarar ba ya gida. Can sai ga shi ya shigo yana ɗingishi, wani tsohon abokin aikinsa na turo baro a bayansa, a ciki ga wani ƙaton ƙarfe baƙi ƙirin mai kama da kabewa, wanda suka ciro daga gindin wata matacciyar mota, wai shi ne ke raba wa tayoyi gudu in an sha kwana. Mama ta fito ta riƙe haɓa ta ce ba dai a tsakar gidanta ba. Suka shimfiɗa buhu suka sauke shi a gefen rumfa. Baba ya zauna a kan benci yana haki, ya ce da abokin nasa ya zauna shi ma, ya miƙa wa Donme sifana mai lamba goma sha huɗu ya ce ta fara da notin da ke sama.